Tun Ran Gini Ran Zane: Sababbin Gine-gine da Cunkoson Titunan Kano

Daga 2011 zuwa yau, kowace gwamnati da aka yi a Kano ta bar gada. A zangonsa na biyu Rabi'u Musa Kwankwaso ya ɗaga gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, ya haƙa ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, ya kuma fara doguwar gadar titin Murtala Muhammad da ta bi ta gefen kasuwar Sabon Gari. Abdullahi Umar Ganduje ya ƙarasa wannan, ya ƙara da ta Dangi mai hawa uku da ta Hotoro. Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a Ɗan Agundi da Tal'udu. Ayyuka ne manya, kuma duk wanda ya san yadda shataletalen Dangi yake a da da yamma ba zai raina su ba.

Amma direban da ya sauko daga gadar Sabon Gari yana murna, 'yan mita kaɗan a gaba zai taka birki. Tirela ce ta tsaya tana sauke kaya a bakin titi, 'yan dako sun yi mata dafifi, a-daidaita-sahu sun yi layi biyu suna jiran fasinja, motocin masu shaguna kuma sun cinye hannu guda na kwalta. Gadar ta warware mahaɗa, ta miƙa motocin ga wani ƙullin da ke gaba. Wannan ƙulli kuwa ba injiniyan hanya ne ya ɗaura shi ba. An ɗaura shi ne a ranar da wani jami'i ya sa hannu a takardar izinin gini, ko ya kau da kai aka yi ginin ba izini.

Kowane gini yana haifar da zirga-zirga, kuma yawanta ya danganta da abin da ake yi a cikinsa. A ɗauki misalin fuloti mai ƙafa 50 da 100, wanda bai wuce murabba'in mita 465 ba. Lokacin da gidan zama ne, mai gida zai fita da safe, a kai yara makaranta, uwargida ta je unguwa. Shiga da fitar mota a yini ba za su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sai a sayar da gidan, a rushe shi, a tayar da filaza mai hawa uku da shaguna arba'in. Yanzu akwai masu shago arba'in da yaransu, da masu kawo musu kaya, da masu saye tun hantsi har bayan isha'i. Mota ɗaya, idan aka haɗa da wurin juyawarta, tana buƙatar kusan murabba'in mita 25 don ta yi fakin. Ko da an bar fulotin gaba ɗaya fili ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, motocin da zai ɗauka ba za su kai ashirin ba. Shi kuwa mai filaza ya gine shi har bakin kwata, domin kowace ƙafa shago ce, kowane shago kuɗin haya ne. Motocin dole su tsaya a wani wuri, wurin kuwa shi ne titin jama'a. Ribar ta shiga aljihun mutum ɗaya, asarar lokaci da fetur ta hau kan duk wanda ya bi hanyar.

Haka titin Gidan Zoo ya koma abin da ya koma, haka titin Haɗeja, haka sassa da dama na Nasarawa da Tarauni. Ga makarantu masu zaman kansu da aka buɗe a cikin gidajen haya, inda ƙarfe bakwai da rabi na safe iyaye ke toshe layi baki ɗaya. Ga ɗakunan biki da ke tara ɗaruruwan baƙi a daren Asabar ba tare da filin ajiye mota ba. Ga gidajen mai a bakin mahaɗa, waɗanda layinsu ke shiga tsakiyar titi duk ranar da fetur ya yi wuya.

Amsar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a faɗaɗa titi. Birnin Houston na Amurka ya gwada wannan fiye da kowa. An kashe kusan dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, har wasu wurarenta suka kai layi 26 idan an haɗa da na gefe. Zuwa 2014 lokacin da masu zuwa aiki ke ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa sosai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da hanya ta yi sauƙi, sai magina suka bi ta suna kafa sababbin unguwanni a nesa, mazaunansu kuma suka cika layukan. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka bi alƙaluman biranen Amurka na shekaru masu yawa, suka ga cewa tafiyar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da yadda ake ƙara manyan hanyoyi. Ƙasar da ta fi kowa kuɗin zuba kwalta ba ta iya tsere wa cunkoso da kwalta ba, balle jihar da ke raba kasafinta tsakanin gada da asibiti da albashin malamai.

Wannan ne ya sa masu tsara birane suka koma tushe, suka ce a auna nauyin da gini zai ɗora wa titi tun yana kan takarda. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana ƙirga ababen hawan da ke bin titin yanzu, musamman a sa'ar da ya fi cika. Ana ƙiyasta mutanen da sabon ginin zai jawo bisa girmansa da irin harkarsa, da lokacin da za su zo, da hanyoyin da za su biyo. Sai a haɗa biyun a ga ko mahaɗar da ke kusa za ta ɗauka. Idan ba za ta ɗauka ba, hukuma na da zaɓi: ta hana ginin, ta rage girmansa, ta sa a mayar da ƙofarsa ta layin baya maimakon babban titi, ko ta ce mai ginin ya biya kuɗin gyaran da zai jawo. A Ingila sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 ya ba ƙananan hukumomi damar ƙulla yarjejeniya da magini kafin a ba shi izini, ya gina shataletale, ko ya sa danja, ko ya biya kuɗin bas da za ta riƙa zuwa unguwar. Yarjejeniyar tana bin filin ne, ko da an sayar wa wani.

Najeriya ba ta rasa doka ba. A 1992 an kafa dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88, wadda ta ce babu gini sai da izini, da kuma doka mai lamba 86 da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar a kan Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Dokar filaye ta 1978 kuwa tun tuni ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Saboda haka makullin yana Kano, ba a Abuja ba. Hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, hukumar KAROTA da aka kafa a 2012 ita ke kula da titi. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ta farko ta amince da filaza, bayan shekara biyu a turo ta biyu ta tsaya cikin rana tana rigima da direbobi a ƙofar filazar. Ɗan KAROTA yana shan zagi a kan hukuncin da aka yanke ba a tambaye shi ba. Abu mafi arha da jiha za ta iya yi shi ne ta ce babu izinin kasuwa, makaranta, asibiti, gidan mai ko ɗakin biki sai masu kula da titi sun duba taswirar sun sa hannu.

Sai dai wanda ya kwaso wannan nazari daga Turai ya dasa shi a Kano yadda yake zai gamu da matsala biyu.

Ta farko, nazarin an yi shi ne don manyan gine-gine. Katafaren wuri irin rukunin shagunan Ado Bayero da aka buɗe a titin Gidan Zoo a 2014 yana da sauƙin kamawa, kuma irinsa ma ya fi zuwa da filin fakin nasa. Abin da ke shaƙe Kano ɗaruruwan ƙananan sauye-sauye ne, gida ya zama shaguna shida, gareji ya zama kemis, katangar makaranta ta zama jerin shaguna. Kowanne shi kaɗai bai isa a ce a yi masa nazari ba, amma idan aka tara su a titi ɗaya sun fi kowace babbar kasuwar zamani nauyi. Maganin wannan sai an auna titi baki ɗayansa: a ce daga mahaɗa kaza zuwa kaza ga yawan shagunan da zai ɗauka, ga tazarar da kowane gini zai ja baya daga kwalta, ga inda za a yi filin fakin na kowa da kowa, kuma duk wanda ya mayar da gida wurin kasuwanci ya zuba nasa kason a asusun wannan filin.

Ta biyu ta fi zurfi. Littattafan ƙiyasi da injiniyoyi ke amfani da su an gina su ne a kan unguwannin Amurka, inda kusan kowa da motarsa yake zuwa kanti. Mafi yawan mutanen Kano da ƙafa suke zuwa, ko a a-daidaita-sahu, musamman tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013. Taswirar filaza da ta nuna wurin ajiye motoci goma amma ba ta nuna inda ɗan sahu zai tsaya ya sauke fasinja ba, ba ta nuna inda mai ƙafa zai bi ba, ba ta nuna inda motar kaya za ta shiga ba, ta amsa tambayar mutane ƙalilan ne ta bar ta jama'a. Su kansu Amurkawa sun fara dawowa daga rakiyar tsohon lissafinsu. Donald Shoup, a littafinsa na 2005 kan tsadar fakin na kyauta, ya nuna yadda tilasta wa kowane gini makeken filin mota ke ƙara tsadar gidaje, ya nesanta gine-gine da juna, ya tura mutane sayen mota. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2013, wadda ta fara aiki a duk faɗin jihar a 2020, inda ake auna sabon gini da yawan tafiyar mota da zai haifar, a maimakon jinkirin da zai jawo a danja mafi kusa. Japan kuwa tun 1962 ta ce wanda zai yi wa mota rajista a birni sai ya kawo shaidar inda za ta riƙa kwana.

Duk wannan gyara ne a kan ginin da aka riga aka zaɓa masa wuri. Babbar tambayar ita ce wurin. A wajajen 1990 ƙasar Holan ta kasa filayen kasuwanci gida uku: wuraren da ke kusa da manyan tashoshin jirgin ƙasa an ware su ga ofisoshi da harkokin da ke tara mutane, aka kuma taƙaita musu fakin, wuraren da ke bakin manyan hanyoyi aka bar wa masu manyan motoci da rumbunan ajiya, na tsakiya kuma ga masu buƙatar biyun. Tsarin ya yi rauni daga baya saboda garuruwa na gasar jawo masu zuba jari, kowa na sassauta wa nasa, amma hikimarsa tana nan.

Kano ta taɓa aiki da wannan hikima ba tare da ta aro ta ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana kan hanyar Katsina, 'Yan Lemo a Na'ibawa kan hanyar Zariya, 'Yankaba kan hanyar Haɗeja. Kowace an ajiye ta a inda kayanta ke shigowa, babbar mota ta sauke a bakin gari, ƙananan motoci su rarraba. A yi tunanin yadda gari zai kasance da tirelolin masara da riɗi da ke cika Dawanau suna shiga har Sabon Gari. Masana'antu ma an ware musu Bompai da Sharaɗa da Challawa. Shirin raya birni na shekara ashirin da masanin tsara birane Trevallion ya zana, daga 1963 zuwa 1983, ya yi ƙoƙarin hango inda gari zai nufa, sai dai gari ya wuce iyakar wannan shiri tun tuni, ya kuma cim ma kasuwannin da aka kai bayan gari.

A tsakiya kuwa an bar manyan kasuwannin sari uku kafaɗa da kafaɗa: Kantin Kwari, Singa da Sabon Gari, ga Ƙofar Wambai da Kurmi ba nisa. Dila-dilan atamfa da shadda da katan-katan na kayan masarufi duk sai sun ratsa gari sun shiga, su sake ratsa gari su fita zuwa Maraɗi da Damagaram da Maiduguri. An gina sabuwar kasuwa a Dangwauro kan hanyar Zariya, kuma a farkon 2024 hukumomin kula da magunguna suka rufe shagunan masu sarin magani a Sabon Gari don su koma can. Turjiyar da 'yan kasuwar suka yi tana da darasi. Ɗan kasuwa ba ya tsoron sabon shago, tsoronsa kada ya tafi mai saye bai bi shi ba. Baƙon da ya zo daga Agadas yana so ya sayi magani da atamfa da taliya a yini ɗaya. Tashin kasuwa yana yiwuwa ne idan an tanadi motar haya mai arha tsakanin tsohuwa da sabuwa, da tasha, da banki, da masauki, kuma aka hana wasu sababbi cike gurbin da aka bari. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar tashin kowa: a mayar da rumbunan ajiya bakin gari, a bar shagunan ciniki a inda suke, a ƙayyade sa'o'in da manyan motoci za su shiga.

A nan ya kamata a yi hattara, kada gyara ya zama ɓarna. Ba kowane shago a cikin unguwa ne abokin gaba ba. Tsohon birni, daga Yakasai zuwa Ƙoƙi, an gina shi ne yadda masallaci da makarantar allo da mai kayan miya da tela duk suna tazarar tafiyar ƙafa. Mai shagon da ke sayar da sabulu da burodi a lungu yana rage zirga-zirga ne, domin ya hana mutum ɗari hawa abin hawa. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne mai jawo mutane da motoci daga nesa zuwa layin da ba zai ɗauke su ba.

Abuja ta nuna abin da ke faruwa idan aka raba wurin aiki da wurin kwana. An zaɓi wurin a 1976, kamfanin IPA ya miƙa taswirar birnin a 1979, gwamnati ta tare a 12 ga Disamba 1991. Tituna ne masu faɗi, unguwanni a tsare, har da zirin da aka ware wa sufurin jama'a. Amma kuɗin haya a Garki da Wuse da Maitama ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai ya koma Nyanya da Kubwa, ko ya tsallaka Jihar Nasarawa ya zauna a Mararaba da Masaka, inda dokar ginin Abuja ba ta kai ba. Kowace safiya dubban mutane na turereniya a kan hanya ɗaya ta Keffi zuwa mahaɗar AYA, da yamma su juya. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, aka dakatar a 2020, aka dawo da shi a 2024, ya nufi Idu da filin jirgin sama da Kubwa, bai bi ta Nyanya ba. Cunkoson Mararaba sakamakon siyasar gidaje ne da kuma iyakar jiha, kuma ƙarin layin kwalta ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Birnin Curitiba na Brazil ya bi ta wata hanyar. Tun tsakiyar shekarun 1960 aka tsara cewa gari zai miƙe ne a kan wasu manyan tituna ƙalilan. A zamanin magajin gari Jaime Lerner, a 1974, aka fara gudanar da bas-bas a layinsu na musamman a tsakiyar waɗannan tituna, doka kuma ta ce dogayen benaye a gefensu kaɗai za a yi, tsawo na raguwa yayin da ake nisa da layin bas. Mutane suka taru a inda motar haya take, motar haya ta sami fasinjan da zai riƙe ta. Kano na da siffar da ta dace da wannan, domin hanyoyin Zariya, Katsina, Gwarzo, Haɗeja, Maiduguri da Madobi duk daga tsakiya suka fita.

Abin da ke cike tsakanin waɗannan hanyoyi shi ne awon igiya. Mai gona ko dillali ya yanka ta fuloti-fuloti, ya bar lungun da mota ɗaya ke wucewa da ƙyar, domin filin da aka bar wa hanya ba ya kawo kuɗi. Babu filin makaranta, babu na kasuwa, babu titin da zai haɗa wannan unguwa da ta kusa da ita. Mutumin Ɗorayi ko Sheka ko Bachirawa da zai je unguwar da yake hangowa, sai ya fita babban titi ya zagayo. Talaka ba shi da laifi a nan. Fulotin gwamnati ya yi masa nisa da tsada, ya sayi wanda ya samu. Hukuma ba za ta iya tsara kowane gida ba, amma za ta iya riga dillali zuwa gona, ta kafa turaku a kan layin manyan titunan gobe, ta biya diyyar gona yanzu. Diyyar gona da diyyar bene ba ɗaya ba ne.

Idan aka makara, abin da ya rage shi ne jan fenti da rusau. A Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi da wasu wurare da gwamnatin da ta gabace ta ta bayar, 'yan kasuwa suka tafi kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan abin da bai kai haka ba. Kowa na da ra'ayinsa a kan wanda ke da gaskiya. Abin da ba a jayayya a kai shi ne dukiya ta salwanta sau biyu, wajen gini da wajen rushewa, kuma waɗanda suka kama shago da takarda a hannu su suka fi jin jiki. Da taswirar birni doka ce da majalisa ta amince da ita, an liƙa ta inda kowa zai gani, kuma sauya amfanin fili sai an sanar da maƙwabta an saurare su, da ba kowane sabon gwamna ne zai zo da nasa zanen ba.

Gwajin da ke gaban Kano yanzu yana kudu da yammacin gari. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, ana shimfiɗa layin dogo daga Kaduna, ga na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kusan kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021. Waɗannan za su jawo kwantena da tireloli da rumbuna. A Legas an ba da izinin rumbunan mai a kewayen tashar Apapa ba tare da wuraren jiran manyan motoci ba, har tankoki da tireloli suka riƙa kwana a kan gadoji na makonni, sai a 2021 aka fito da tsarin kiran mota ta intanet don rage layin. A kewayen Zawaciki da titin zobe na yamma har yanzu akwai gonaki, akwai inda za a ware filin tireloli, a ja layin titin gefe, a hana kowane rumbu buɗe ƙofarsa kai tsaye a kan babbar hanya. Dillalan filaye sun riga sun fara yanka.